Iyon Kududdufi Ba Ya Ceto a Bakin Teku

Daga Ƙofar Guga zuwa gaɓar teku ta Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, don haka yaron da ya tashi a wannan sashe na birnin Katsina a kududdufi yake koyon iyo, a ramukan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, damina ta cika su. In ya yi nisa, ya leƙa dam ɗin Ajiwa ko na Jibiya. Duka ruwa ne kwantacce. Yana cin rai ta hanyar laka da zurfin da ba a zata ba, amma ba ya jan mutum.

Wannan yaron ne ke girma ya zama ɗan kasuwa a Legas, Kwatano, Lome ko Akara, ranar Sallah abokai su ja shi yawon bakin teku, ya tuɓe riga yana taƙamar ya iya ruwa.

Gaɓar Tekun Gini ba ta da wasa. Igiyoyi na tasowa ne daga can kudancin Atlantika ba abin da ya tare su, sun kuma fi ƙarfi a watannin damina. Ruwan da suka tara a gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata siririyar hanya tsakanin tudun yashi ya kwarara ciki da gudu, wani lokaci fiye da mita 2 a daƙiƙa, saurin da ko gwanin gasar ninƙaya da ƙyar yake kaiwa. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya, domin igiya ba ta fashewa a kansa. Nan baƙo ke zaɓa. Bar Beach ta Legas ta yi ƙaurin suna da cin mutane kafin a cike ta don ginin Eko Atlantic, kuma a watan Agustan 2012 tumbatsar teku ta share bukkokin bakin tekun Kuramo har da asarar rayuka.

Jaridu sun fi son labarin kifin shak, kamar na tsibirin Reyuniyon inda aka hana wanka a yawancin gaɓarsa a 2013. A yankinmu nutsewa ce ke ɗauke mutane.

Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta a kan ruwan, ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar. Jar tuta kuwa tana nufin ba shiga, ko da 'yan gari suna ciki.