Daga faifan farko zuwa na ƙarshe: Abin da na ji a bakin mawaƙan Turai

A zangon karatun da ya gabata, ina cikin koyar da darasin walwalar harshe, sai na yi suɓutar baki na ce wa ɗalibaina waƙoƙin Turawan nan hayaniya ce kawai, babu abin da mai nazarin harshe zai tsinta a cikinsu. Aka yi dariya, aka watse. Washegari wani yaro mai shiru-shiru, wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, ya same ni a ofis, ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ajiye 'yar takarda a kan tebur. Sunayen ƙungiyoyin mawaƙa uku ne a jiki: Beatles ta kiɗan rok, da Black Sabbath ta kiɗan metal, da ABBA ta kiɗan pop. Ya ce, "Malam, alfarma ɗaya nake roƙo. Kada a tsinci waƙa ɗaya nan, ɗaya can. A fara daga faifansu na farko, a bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, kamar yadda kuke sa mu karanta littafi daga bango zuwa bango."

Da makamina ya yaƙe ni, don haka ban sami bakin musu ba. Wata huɗu na ɗauka ina wannan aiki, galibi a mota tsakanin gida da makaranta.

Na fara da Beatles, samari huɗu 'yan birnin Libaful na ƙasar Ingila. Faifansu na farko, Please Please Me, ya fito a watan Maris na 1963 da waƙoƙi 14, kuma 10 daga ciki a yini guda aka ɗauke su, ranar 11 ga Fabrairu. Shida daga cikin waƙoƙin na Amurkawa ne suka maimaita. Abin da ya fara jan kunnena shi ne furucinsu. Mafi yawan mutanen Ingila, har da na Libaful, ba sa furta harafin r idan ya zo bayan wasali a ƙarshen gaɓa, sai su ja wasalin kawai, alhali Ba'amurke yakan naɗe harshe ya furta shi sosai. To ga 'yan Libaful suna waƙa suna naɗe harshe kamar an haife su a Amurka. Mu da muke da ra iri biyu a Hausa, ra-gare da ra-kaɗe, kunnenmu ba ya rasa irin wannan.

A nan kunya ta kama ni, domin na tuna masanin walwalar harshen nan na Ingila, Peter Trudgill, ya yi rubutu a kan wannan batu tun 1983, kuma na karanta shi ina ɗalibi, na haddace don jarrabawa ba tare da na taɓa sauraren ko faifai ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne abin da yaron nan ya sa ni yi: ya jera faya-fayan bisa shekarunsu, ya ƙirga sau nawa aka furta wannan harafi irin na Amurkawa. Ya gano cewa abin yana da yawa a farko, ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, har ya kusa ɓacewa a ƙarshen shekarun 1960. Ya kuma nuna inda kwaikwayon ya wuce gona da iri, wato Paul McCartney ya cusa r a wata kalma cikin waƙar Till There Was You, inda ko Ba'amurken ba ya sa shi. Duk wanda ya taɓa jin baƙo yana ƙoƙarin yin Sakkwatanci yana zuba "awo" da "shina" a inda ba muhallinsu ba, ya san irin wannan zaƙewa.

Me ya sauya harshen nasu? A 1963 Amurka ce uwar wannan kiɗa, mai son a karɓe shi sai ya ari bakin masu abin. A watan Fabrairu na 1964 suka sauka Amurka, zuwa Afrilu kuma waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jadawalin Billboard. Wanda aka koma ana kwaikwayo ba shi da sauran buƙatar kwaikwayon kowa. A watan Agusta na 1966 suka daina yawon wasa, suka tare a ɗakin ɗaukar murya, kuma a 1967 sai ga su suna waƙar Penny Lane, sunan wani titi a garinsu. Mai karatu, ka lura, babu waƙa guda da za ka saurara ka ji wannan labari. Tsakanin faifai da faifai yake, sai wanda ya bi jerin ne zai ji shi.

Black Sabbath kuwa, sunan kaɗai ya sa na yi mako biyu ina jan ƙafa. Faifan farko, na Fabrairun 1970, da tsawa da ruwan sama da ƙararrawar coci yake buɗewa, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi ta'awizi. Amma da na bincika asalin wannan nauyin sauti, sai na iske shi a masana'anta. Yaran unguwar Aston ne, ta ma'aikata, a birnin Bamingham. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma shi bahago ne, wato da yatsun nan yake danne tsirkiya. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya riƙa amfani da tsirkiya marasa kauri, sannan a faifan Master of Reality na 1971 ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Sassautawar nan ta sa amon ya yi ƙasa ya yi kauri, kuma dubban ƙungiyoyi masu lafiyayyun yatsu suka bi sahu.

Kalmomin ma ba duka ne yadda na zata ba. War Pigs, ta 1970, lokacin yaƙin Biyetnam, zambo ce ga shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa fagen fama su kuma suna zaune a gida. After Forever, ta 1971, kare imani da Allah take yi, domin mai rubuta musu yawancin kalmomi, Geezer Butler, a gidan Katolika ya tashi. Sai dai kuma akwai waƙoƙin da yabon ƙwaya ne tsagwaronsa, waɗanda ba zan so ɗana ya haddace ba, kuma jerin faya-fayan bai rufa musu asiri ba: daga 1976 za ka ji ƙarfin yana zubewa, har aka kori mawaƙinsu Ozzy Osbourne a 1979 saboda shaye-shaye. Faya-fayai 19 suka yi, na ƙarshe a 2013. Na tsakiyar nan, inda ake ta sauya mawaƙi kamar riga, alƙawari ne kawai ya sa na ƙarasa su. Osbourne ya mutu ranar 22 ga Yulin 2025, kwana 17 bayan wasan bankwana da suka yi a filin Villa Park, a unguwar da suka tashi.

ABBA ba su ba ni wahala ba. 'Yan Suwidin ne, maza biyu da matansu biyu, kuma Ingilishi harshe na biyu ne a wurinsu kamar mu. Sun ci gasar Eurovision a 1974 da waƙar Waterloo, a 'yan shekarun da aka ɗage dokar da ta tilasta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta. Ingilishin farkon na ɗan makaranta ne, gajerun jimloli da maimaici. Yayin da harshen yake nuna, auren biyun suna mutuwa, har zuwa The Visitors na 1981, faifan da babu sauran fara'a a cikinsa. Daga nan shekara 40 suka yi kafin su sake fitar da wani, Voyage, a 2021.

To amma laifi tudu ne. Abin da ya ba Trudgill damar yin ƙirgarsa shi ne kowane faifai yana ɗauke da shekararsa, wani ma har da ranar da aka shiga ɗakin ɗauka. Da na gama, sai na ɗauko kasa-kasan Alhaji Mamman Shata da na tara tun ina saurayi, mutumin da ya haura shekara 50 yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999. Tambayoyin suna nan birjik. Yaya Katsinancinsa na farko yake idan aka gwada da na ƙarshe? Yaushe kalmomin Ingilishi suka fara yawa a bakinsa, kuma a waƙoƙin su wa, na sarakuna ko na direbobi da 'yan kasuwa? Kasa-kasan nawa kuwa babu mai shekara ko ɗaya. Mai shagon da ya naɗa ya haɗa waƙar ƙuruciya da ta tsufa a fuska guda, ya rubuta suna da biro. Bakandamiya kaɗai iri uku gare ni, ba kuma a rubuta wacce ta riga wacce ba. A waya abin ya fi muni, domin ko sunan waƙar ma kowa da wanda yake sa mata. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da marubuta irin su Ibrahim Sheme sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen tarihin makaɗanmu, amma jeri bisa shekara aiki ne mai zaman kansa, kuma 'yan amshi da makaɗan kalangu da za su iya cewa "wannan a gidan rediyo muka yi ta, shekarar kaza" kullum raguwa suke yi.

Na kira ɗalibin nan na mayar masa da takardarsa, na ce ya yi nasara. Sannan na ba shi tawa. Waƙoƙin Shata 20 ne a jiki, aikinsa shi ne ya fitar da sunan duk wani sarki, ko gwamna, ko mota, ko kuɗi da aka ambata a ciki, domin waƙar da take maganar fam da sule da alama ta riga 1973, shekarar da naira ta shigo. Jiya ya dawo da guda bakwai, yana tambaya ko na san shekarar da aka fara ganin wata irin babbar mota a hanyar Funtuwa.