Haƙƙin Ruwa a Gulbin Sakkwato

Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yanke a kan rafin Mahzur na Madina: mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa da shi. Da wannan ma'auni muke so mu duba madatsar Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978.

Daga Maradun zuwa Talata Mafara, har Damri ta ƙasar Bakura, dattawa ba su manta ba. Tafkin ya cinye gonaki da gidaje, diyya ta yi jinkiri, a Afrilun 1980 'yan sanda suka auka wa manoman da suka tare hanya, aka yi hasarar rayuka.

Amma abin da ma'aikatanmu suka fi sakaci da shi, shi ne na ƙasa. Wani masanin labarin ƙasa na Ingila, W. M. Adams, ya bi fadamun da ke bayan madatsar, ya tarar ambaliyar da kan shimfiɗa musu laka kowace damina ta ragu ainun. Masu shinkafa suka koma gero da dawa. Kifi kuwa, da yake a ruwan fadama yake hayayyafa, sai ya yi ƙaranci, masunta da dama suka rataye komarsu suka nufi wasu gulabe.