Karen gadin gona: na fara da babba, na ƙare da ƙarami

Ana yawan tambayata wane irin kare ya dace da gidan gona, shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin, tunda ni ma sai da na yi asara kafin na gane.

Gonata tana wajen Dambatta, kaɗan a sauka daga titin da ya nufi Kazaure. Kaji masu ƙwai 500 ne, sai tankin siminti biyu na tarwaɗa. Wata rana da sanyin hunturu muka wayi gari an yanke waya an kwashe kaji kusan arba'in, yaron da ke kwana a wurin kuma ko motsi bai ji ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Cikin wannan fushin na shiga Kano na sayo ɗan kwikwiyon German Shepherd, wanda muke cewa karen 'yan sanda, mai kama da kyarkeci. Addini bai hana ajiye kare don gadin dabbobi ko shuka ba, don haka ban ji wani ɗar ba.

Gaskiya kare ne mai ƙwaƙwalwa. A Jamus aka daidaita jinsinsa tun 1899 don kiwon tumaki, namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Amma gashinsa riɓi biyu ne, na ƙasar sanyi. Da Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, sai ka same shi kwance a gindin tankin kifi, harshe a waje, yana haki. Ga kaska. Wannan jinsi yana cikin waɗanda zazzaɓin kaska ya fi kayarwa, sau biyu ina ɗauko likitan dabbobi a kansa. Ga ci: tuwo da miya kawai ba sa riƙe shi, sai da nama ko kifi. Da na zauna na yi lissafi, kiret-kiret na ƙwai ne suke tafiya cikinsa duk wata.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne inda gonar take. Wanda ya san ƙasarmu ya sani, daga Dambatta zuwa Makoɗa, Minjibir har Bichi, gona jikin gona ce, gida kusa da gida, babu wani daji da zai raba ka da maƙwabci. Da an gama girbi sai a saki awaki da tumaki su yi kala, yara kuma su ratsa ta gefen shingenka za su makaranta ko ɗibar ruwa. Kare mai wannan ƙarfi ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci in ba an horar da shi sosai ba, ni kuma ban iya horon ba.

Yana da wata goma sha ɗaya ya tsinke igiya da asuba, ya kama akuyar maƙwabcina, mai ciki, ya kashe ta. Muka je gaban mai unguwa, na biya. Dattijon bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Alhaji, yau akuya ce, an biya. Gobe in jikana ne, nawa za ka biya?" Wallahi ban sami amsa ba.

Daga baya na gano wani kuskuren kuma. Yaron gona yana jefa masa mushen kaji ɗanye. Kada ku yarda da wannan ko da wane irin kare ne. Na farko, ya ɗanɗana, zai fara bin masu rai, nawa ya kashe guda shida da ya samu ƙofa a buɗe. Na biyu, kare yana jan mushe daga nan zuwa can, cuta na bin sa. Mu da muka ga yadda murar tsuntsaye ta yi da gonakin Kano a 2006 da 2015 bai kamata a tuna mana ba. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙona.

Na ba wani abokina karen, shi gonarsa katanga ce ta bulo zagaye, kuma yana da mai kula da shi. A can lafiya lau yake aikinsa.

Wanda ya maye gurbinsa, dariya aka yi ta yi min. Ɗan ƙaramin kare ne mai gashi buzu-buzu da ake kira Lhasa, irin wanda ake ajiyewa a gidajen birni, bai wuce kilo bakwai ba. Wani ma cewa ya yi, "Wannan ai mage ce." Amma asalinsa daga Tibet ne, kuma aikin da aka san shi da shi can shi ne ya ji motsi ya yi haushi ya tashi mutanen gida. Abin da nake buƙata ke nan tun farko. Ɓarawon kaji ba faɗa ya zo yi ba, so yake ya shiga shiru ya fita shiru. Da wannan ɗan abin ya fara haushi, yaro ya farka, ya haska tocila, maƙwabta sun ji, magana ta ƙare. Muzuru ko tunku ya zagayo, shi ke fara sanar da mu.

Yana da nasa matsalar fa. Ƙarangiya tana manne masa a gashi har ya kasa tafiya, dole ake yi masa aski akai-akai. Guza ta shigo neman kifi, sai dai ya tsaya daga nesa yana ihu. Kuma ɗakinsa nesa da kaji na yi shi, don firgita tana rage ƙwai. Da yau zan fara, ina jin karen gida na Hausa zan nema tun yana kwikwiyo, ya taso yana ganin kaji: ya saba da rana, ba ya zaɓen abinci, kunnensa kuma ba baya ba.

Ko wanne kuka ɗauka, a yi masa allurar ciwon haukan kare daga wata uku, a maimaita duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura, a tambayi likitan dabbobi mafi kusa. Ni dai ragowar kuɗin da babban karen yake ci, da su na sa fitila mai sola a kusurwa huɗu na kuma ƙara tsayin waya.