Abincin Mai Tsara Shafukan Intanet Yana Cikin Kulawa

Matashin da ya koyi tsara shafukan intanet yakan ɗauka sana'arsa ita ce ya gina shafi, ya miƙa, ya karɓi kuɗinsa, ya nemi wani. Wannan lissafin ne ke barin da yawa hannu rabbana, domin gina shafi ya yi arha. WordPress, wadda ta fito a 2003, tana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma da Wix kowa zai iya haɗa nasa cikin yini guda. Abin da ya yi wuyar samu shi ne mutumin da zai ɗaga waya ranar da shafin ya tsaya.

Shafi kuwa yana tsayawa. Adireshinsa duk shekara ake sabunta shi, in aka manta ya mutu, wani ma ya saye shi. Ma'ajiyar da yake zaune a ciki haya ce, sau da yawa da dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 wannan haya ta ƙara nauyi. Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress suna tsufa, ta nan masu kutse ke shiga. Makarantar kuɗi da iyaye suka cika ofishinta ranar duba sakamako, kowa da waya a hannu yana cewa "Malam, ba ya buɗewa," ta san darajar wanda take biya duk wata. Makarantu, asibitoci da otal goma masu biyan kuɗin kulawa sun fi aiki ɗaya mai tsoka da ba a san ranar da na biyunsa zai zo ba.

Za a ce ai dala tana dandalin neman aiki irin su Fiverr da Upwork. Tana nan, amma Fiverr na yankar kashi 20 cikin ɗari, kuma sabon shiga zai yi gogayya da dubbai daga Indiya da Pakistan masu karya farashi. Ƙorafin da ya fi ƙarfi game da kuɗin kulawa shi ne mutanenmu ba sa son biyan abin da ba su gani ba. Gaskiya ne, kuma wasu masu sana'ar ne suka jawo, waɗanda ke yi wa adireshi rajista da sunansu don su riƙe mai shi a wuya. Maganinsa yarjejeniya a rubuce, rajista da sunan mai shafin, da ɗan rahoto duk ƙarshen wata da ke nuna abin da aka sabunta da yawan waɗanda suka ziyarta.