Daimler, Mota Mai Sitiyari Biyu

Jama'a, ga labarin wata mota mai sulke wadda Ingilishi suka yi Yaƙin Hitila da ita. Sunanta Daimler, a birnin Kobantiri na Ingila aka ƙera ta. Ta shiga fagen fama a hamadar Afirka ta Arewa, kuma har guda 2,694 aka yi.

Mutum uku ke cikinta, watau direba, da maharbi, da shugabansu. Tana da ƙaramar igwa da bindiga mai ruwa, tana gudun mil 50 cikin awa guda. Amma kaurin sulkenta bai wuce milimita 16 ba, harsashin tanka zai huda shi.

Aikinta kuwa shi ne ta yi gaba, ta gano inda abokan gaba suke, ta komo da labari. In ta yi kiciɓis da tankar Jamus, tsayawa juya kai halaka ce. Saboda haka aka yi mata giya biyar na gaba, biyar na baya, da sitiyari na biyu. Sai shugaban ya kama shi, su zura da baya, rayuka uku su tsira, labari ya isa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.