Lafiyar jiki: marurun da ke ɓuya cikin tsoka

Yau hirarmu a kan wani ciwo ne da ke yawa a ƙasashe masu zafi irin tamu.

Kowa ya san maruru na bisa fata. To, akwai wani da ke fitowa can cikin tsoka, inda ido ba ya gani. Ya fi son manyan tsokoki: cinya, ɗuwawu da gadon baya. Ya fi kama yara da samari. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, likitoci na kiran ta stafilokok. Tana zaune bisa fata da cikin hanci. In ta shiga jini ta iske tsokar da ta bugu, sai ta zauna nan. Mai tamowa, mai ciwon sukari da mai sida sun fi saurin kamuwa.

Ciwon hawa uku gare shi.

Hawa na farko: wurin na ciwo, ya kumbura, ya yi tauri kamar icce. Akwai ƴar masassara. Mutum ya ce targaɗe ne. Nan ne ake ruɗewa, don targaɗe ba ya zuwa da masassara. Wanda ya je gidan likita yanzu, sau da yawa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ya ishe shi.

Hawa na biyu: bayan kwana 10 zuwa 21, mugunya ta taru. Masassara ta yi ƙarfi, tafiya ta gagara. Magani kaɗai ba ya isa. Sai likita ya zuƙe mugunyar da allura, ko ya tsaga ya fidda ta.

Hawa na uku: cutar ta bazu cikin jini. Tana iya taɓa huhu, ƙoda da zuciya. Nan ne ake rasa rai.

Saboda haka, jama'a, kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Kada a murza wurin. Kada a sayi ƙwayoyi a tebur. Maganin likita yakan ɗauki sati 3 zuwa 4. A shanye shi duka, ko da an ji sauƙi.

Kumburi mai tauri tare da masassara, ran nan a nufi gidan likita. Allah ya ba mu lafiya. Sai wani jiƙon.