Shin Ko Kun San? Matuƙin Jirgin Gajeren Zango

Shin ko kun san matuƙin da ke jigila tsakanin Abuja, Kano da Legas kan tashi ya sauka sau huɗu a yini guda, wani lokaci ma fiye, alhali takwaransa mai zuwa Landan sau ɗaya zai sauka ya wuce masauki? Jama'a sun fi jinjina wa mai dogon zango, amma a ganina na gajeren ne ke shan ɗawainiya. Alƙaluman da kamfanin Boeing ke fitarwa sun sha nuna cewa kusan rabin munanan haɗurra na faruwa ne a 'yan mintunan gangarowa da sauka. Daga Abuja zuwa Kano bai kai awa guda ba, don haka jirgi na gama hawa sai shirin gangarowa.

Ko kun san akwai lokacin da aka hana matuƙa hira? Tun 1981 Amurka ta kafa doka cewa muddin jirgi na hawa ko gangarowa a ƙasa da ƙafa 10,000, ba wata magana sai ta aiki. Ƙasashe da dama sun bi sahu.

Mataimakin kyaftin kuma ba ɗan rakiya ba ne. Karɓa-karɓa suke yi: in wannan ya tuƙa zuwa, wancan ya tuƙa dawowa, wanda ba ya tuƙi ya riƙe rediyo yana sa ido kan na'urori.

Tsayuwar ƙasa ma ba hutu ba ce. Kamfanin Ryanair ya yi suna da minti 25 kacal tsakanin tsayawar jirgi da sake tashinsa. Cikin wannan ɗan taƙi fasinjoji za su fita, wasu su shiga, a sha mai. Matuƙi ɗaya ya sauko ya zagaya jirgin da ƙafa, ko ana ruwa ko ana zafin rana: ya duba tayoyi, ya leƙa bakin injin ko tsuntsu ya faɗa, ya duba ƙasa ko wani abu na ɗiga. Ɗayan yana ciki yana shigar da hanya a kwamfuta, yana lissafin nauyi. Abincin rana sau da yawa a kan cinya ake cin sa. Southwest ta Amurka ta taɓa matse tsayuwar ƙasa zuwa minti 10 a 1972, bayan ta sayar da ɗaya daga jiragenta huɗu.

Mu nan babban ƙalubale shi ne hazon hunturu. Kowane titin jirgi yana da iyakar da in matuƙi ya gangaro ya kai ta bai hango titin ba, dole ya sake hawa. Shi ya sa yake ɗaukar man da zai kai shi wani filin na daban, da ƙarin na minti 30 da ba a so a taɓa. In an karkatar da jirginku daga Kano saboda hazo, don Allah kada ku zagi matuƙin. Ya yi daidai.

A Turai doka ta tsayar da awa 900 na tuƙi a shekara, amma daga motsawar jirgi zuwa tsayawarsa ake ƙirga su. Sammakon ƙarfe uku na dare da zaman jira ba sa ciki.

Jirgin kansa yana jin jiki. A 1988 rufin wani jirgin kamfanin Aloha ya yaye a sararin samaniyar Hawai, bayan tashi da sauka kusan 90,000 tsakanin tsibirai. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙan suka sauke shi da sauran mutanen.

Mafi gajartar zango a duniya kuwa yana tsibiran Orkney na Sikotland, daga Westray zuwa Papa Westray, ƙasa da kilomita 3. Kyaftin Stuart Linklater ya yi wannan tafiya fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013, kuma ya taɓa kammala ta cikin daƙiƙa 53.